Abin da Wharton Ke Nema Yana Cikin Littafin Bashin Shago

Ranar 1 ga Agusta ta kowace shekara ake buɗe dandalin Common App, wanda jami'o'in Amurka sama da 1,000 ke karɓar takardun neman gurbi ta cikinsa. Daga ranar zuwa farkon Janairu, a wasu gidajen masu hali na Kano da Kaduna da Abuja, akan shiga hidima iri guda. Uba zai nemo ejan ya biya shi kuɗi masu kauri, a tara wa yaro takardun shaidar halartar taruka, a ƙirƙiro masa ƙungiyar agaji da ba ta taɓa share hawayen kowa ba, sannan a rubuta masa maƙala da Turancin da shi kansa sai ya buɗe ƙamus kafin ya gane. Yaron nan kuwa tun yana aji ɗaya na sakandare yake zaman shagon mahaifinsa a Kantin Kwari duk ranar Asabar. Ya san wanda ake ba atamfa bashi da wanda ake ba haƙuri, ya san yadda farashi ke tashi da sauka tsakanin azumi da babbar salla. Amma ko layi ɗaya na wannan ba ya shiga takardar, domin a ganin iyayensa zaman kasuwa ba abin kai wa gaban Bature ba ne.

Wannan kuskure ne mai tsada, kuma ya fi tsada ga mai neman karatun kasuwanci. Makarantun kasuwanci na Amurka suna neman shaidar abu biyu a jikin ɗalibi ɗan shekara 17: cewa ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauki lissafi mai nauyi, da kuma cewa ya taɓa sa ido ya fahimci yadda kuɗi da kaya da amana ke yawo tsakanin mutane. Na farko ana gina shi a aji cikin shekaru uku. Na biyu kuma yaran gidajen 'yan kasuwa da yawa sun riga sun mallake shi, sai dai ana binne shi a ƙarƙashin kwalliyar aro.

A fara sanin makarantar

Kafin a taɓa maƙala, akwai tambayar da iyalai da dama ke tsallakewa: wace jami'a ce ma ke koyar da kasuwanci a matakin digiri na farko? Sunayen da suka fi tashe a bakin mutane ba su ne amsar ba. Makarantun kasuwanci na Harvard da Stanford ba sa ba da digirin farko, na masu digiri na biyu da na uku ne. Princeton ba ta da makarantar kasuwanci sam. Wanda ya shiga waɗannan yakan karanci tsimi da tanadi ne ko wani fanni, ya nemi MBA daga baya in ya so.

Masu ba da digirin farko sun haɗa da Wharton ta Jami'ar Pennsylvania, wadda Joseph Wharton ya kafa a 1881, da Stern ta Jami'ar New York, da Ross ta Jami'ar Michigan, da Dyson ta Cornell, da Kelley ta Jami'ar Indiana, da Haas ta Berkeley. Kowace da tata ƙofar. A wasu, ɗalibi yana neman makarantar kasuwancin kai tsaye tun daga sakandare. A wasu kuma sai ya fara shiga jami'ar, ya yi shekara ɗaya ko biyu, sannan ya sake gogayya da 'yan ajinsa a kan gurbin. Iyalin da bai san bambancin ba yana iya biyan kuɗin shekara biyu, sannan a wayi gari an hana yaron fannin da aka tura shi dominsa.

Akwai abin lura a sunan digirin da Wharton ke bayarwa: digirin kimiyya ne a fannin tsimi da tanadi. Sunan kaɗai ya isa ya gargaɗi wanda ke ɗaukar karatun kasuwanci a matsayin mafakar mai tsoron lissafi.

Lissafi ne ƙofar farko

A makarantun sakandare da yawa na Najeriya, an saba raba ɗalibai a ajin SS1: masu ƙoƙari a kai su ajin kimiyya, waɗanda lissafi ke wahalarwa a kai su ajin kasuwanci ko na adabi. Wannan rabo yana cutar da mai burin Wharton ko Ross tun kafin ya san yana da burin. Wharton ta bayyana cewa tana son ganin shiri mai ƙarfi a lissafi, har da kalkulas, wato lissafin da ake auna saurin canjin abu da shi. A manhajar WAEC, kalkulas na sosai yana cikin darasin Further Maths, darasin da 'yan ajin kasuwanci ba kasafai suke ɗauka ba. Saboda haka ɗalibin da ya ci A1 a Commerce da Accounting amma bai taɓa Further Maths ba yana iya zuwa bayan ɗan ajin kimiyya da bai taɓa buɗe littafin kasuwanci ba. Jami'ar ta san za ta koya wa na biyun lissafin riba da asara cikin zango ɗaya, na farkon kuwa ba ta da tabbacin zai tsira a darasin ƙididdiga da na harkar kuɗi.

Haka batun jarrabawar SAT. A lokacin annobar korona jami'o'i da yawa sun ɗage sharaɗinta, amma manyan sun fara komawa. MIT ta dawo da ita a 2022, tana mai cewa sakamakon, musamman na ɓangaren lissafi, yana taimaka mata gane ɗaliban da za su iya karatunta ko da makarantunsu ba su da manyan darussa. Dartmouth da Yale da Brown da Harvard sun bi sahu a 2024, Pennsylvania kuma a 2025. Ga ɗalibin da ya fito daga makarantar da mai tantancewa bai taɓa jin sunanta ba, wannan sauyi alheri ne. Mai tantancewa ba shi da ma'aunin da zai gane nauyin kashi 85 cikin 100 na wata makaranta a Gusau, amma ya san ma'anar maki 780 cikin 800 a lissafin SAT, ko a ina aka zana ta.

Sai kuma lokaci. Wa'adin zagayen farko yakan faɗo 1 ga Nuwamba, na gama-gari kuma farkon Janairu, alhali sakamakon WAEC ba ya fitowa sai wajajen Agusta bayan kammala SS3. Ke nan wanda ya nema yana SS3, da sakamakon SS1 da SS2 za a auna shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: takarda mai ƙarfi ana fara rubuta ta ne ranar da aka zaɓa wa yaro darussan SS1. Wanda bai shirya da wuri ba, gara ya jira shekara guda bayan WAEC, ya nema da cikakken sakamako a hannu, ya kuma yi amfani da shekarar wajen wani aiki na gaske.

Layi goma, haruffa 150

Common App na ba ɗalibi gurabe goma ya lissafa abin da yake yi a wajen aji, kowane da bayanin da bai wuce haruffa 150 ba. Cikin rukunonin da dandalin ya tanada akwai aikin da ake biya, akwai kuma ɗawainiyar iyali. Ma'ana, tsaron shago da riƙe littafin bashi da kula da ƙanne da tara kuɗin adashin uwa duk abubuwa ne da tsarin ya amince a rubuta. A haruffa 150 babu wurin kirari. Layin da ya ce yaro ya riƙe littafin bashin abokan ciniki 40 na tsawon shekara uku, ya kuma mai da shi cikin kwamfuta, ya fi nauyi a kan layin da ya kira shi shugaba kuma wanda ya kafa wata ƙungiyar da aka yi wa rajista wata biyu kafin wa'adi. Masu tantancewa suna karanta dubban takardu a kowace kaka, kuma ƙungiyoyin da ke tsirowa a watan Satumba sun daɗe da zama sanannun baƙi a wurinsu.

Makarantar Ross ta fito da abin da take so fili. Ban da takardar jami'a ta gama-gari, a shekarun baya ta riƙa neman ɗalibi ya zaɓi wata matsala a cikin al'ummarsa, ya bayyana yadda ta shafi kasuwanci, ya kawo mafita da ta dogara da ƙa'idojin kasuwanci, sannan ya haɗa da wani abu da ya yi da hannunsa wanda ke nuna yadda yake koyo. Tambayar ba ta nemi sunan kamfani ko yawan jari ba. Tana gwada ko yaron yana kallon unguwarsu da idon mai tunani.

A ɗauki misalin ɗalibar da mahaifiyarta ke sayar da kayan miya da hatsi a cikin gida. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa Janairu da Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, masu POS suka tsauwala caji, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Ɗalibar da ta zauna a tsakar gidan a waɗannan makonni ta ga abin da littafi ba ya nunawa. Ta ga ciniki ya koma bashi dare ɗaya, ta ga yadda uwarta ke yanke shawarar wa za a ba mudu biyu a rubuta, ta ga an buɗe asusun waya a karon farko, ta kuma ga wanda ya biya bayan rikicin da wanda ya sauya hanya. Idan ta zauna ta lissafa nawa aka bayar bashi, nawa ya dawo, me ya bambanta masu biya da masu gudu, to ta yi nazarin haɗarin bashi, wanda shi ne ainihin aikin banki. Maƙalar Common App ba ta wuce kalmomi 650, kuma wannan labari zai cika su ba tare da an ƙara masa gishiri ba.

Abin da ɗalibar ta gani yana da tushe mai zurfi, har masana sun yi rubutu a kansa. Abner Cohen, a littafin da ya wallafa a 1969 game da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu a kan maigida da dillali, waɗanda ke tsaya wa baƙo, su lamunce bashin da babu takarda babu kotu. Tambayar da tsarin ya amsa, wato yadda za a amince wa wanda ba a sani ba da dukiya mai yawa, tana cikin manyan tambayoyin da ake koyarwa a makarantun kasuwanci. Yaron da ya tashi a Dawanau ko Kurmi ko kasuwar Maraɗi yana zaune a tsakiyar amsar. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi bayyana ta.

A nan ne hatsarin yake, domin ganin abu daban, fahimtarsa daban. Maƙalar da ta tsaya ga yabon uba da kwatanta cunkoson kasuwa ba ta nuna komai game da mai rubutun. Mai tantancewa yana son ya ga lokacin da yaron ya yi tambaya, ya gwada wani abu, ya yi kuskure, ya gyara. Yaron da ya ba da shawarar a rage farashi don a ƙara ciniki, aka gwada, aka yi asara, sannan ya gano dalili, yana da abin faɗa fiye da wanda bai taɓa faɗuwa ba. Aikin iyaye da malamai shi ne su yi ta yi masa tambaya har ya kai ga wannan gaɓa, sannan su janye hannu ya rubuta da kansa. Common App ta sanya gabatar da rubutun wani, ko rubutun da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta samar, a matsayin naka cikin abin da take kira zamba, kuma jami'a na da ikon janye gurbi ko bayan ta bayar. Badaƙalar da ta fashe a Amurka a Maris na 2019, inda aka gurfanar da Rick Singer da iyaye masu kuɗi da dama kan sayen gurabe da takardun bogi, ta ƙara wa jami'o'in sa ido. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman idan maƙalar ta fi sakamakon Turancin yaron kyau nesa ba kusa ba.

Shaidar malami

Wasiƙun malamai su ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da aka saba a makarantun Najeriya shi ne takardar shaidar hali mai layi huɗu, wadda ke cewa ɗalibi mai ladabi ne da biyayya, a buga hatimi. Irin wannan takarda ba ta cutarwa, amma ba ta ƙara komai. Abin da jami'ar ke so shi ne malamin da ya san yaron ya ba da labari takamaimai: ranar da ya warware wani lissafi ta hanyar da malamin bai koyar ba, ko yadda ya riƙa koya wa 'yan ajinsa bayan an tashi. Ga mai neman kasuwanci, wasiƙar malamin lissafi ta fi ta kowane babban mutum daraja. Wasiƙar sanata ko basarake da bai taɓa ganin yaron a aji ba tana iya jawo zargin cewa takardar ba za ta iya tsayuwa da ƙafarta ba.

Ana kuma buƙatar bayanin makarantar kanta: yawan ɗalibai, darussan da ake koyarwa, ma'anar makin da ake bayarwa, matsayin yaron a cikin aji. Makarantun da ba su da jami'in ba da shawara, shugaban makaranta ko malamin aji na iya cike wannan gurbi. Cibiyoyin EducationUSA, waɗanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka kuma suke da ofis a Abuja da Legas, suna bayyana yadda ake waɗannan abubuwa, kuma ba sa karɓar kamasho daga kowace jami'a.

Kuɗi ma ɓangare ne na takardar

Jimillar kuɗin shekara guda a Jami'ar Pennsylvania, da makaranta da masauki da abinci, ta haura dala 90,000. A canjin naira 1,500 kan dala, wannan ya kai naira miliyan 135 a shekara, kuma shekara huɗu ake yi. Iyalin da ya yi lissafinsa kafin Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya ga yadda kasafi ke rushewa cikin 'yan watanni.

Jami'o'i ƙalilan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth, ke tantance ɗalibin ƙasar waje ba tare da duba ko zai iya biya ba. Pennsylvania tana la'akari da buƙatar tallafi ga mafi yawan 'yan ƙasashen waje, amma idan ta ɗauki wanda ya nemi tallafin takan cika masa abin da ta tabbatar yana buƙata. Jami'o'in gwamnatin jiha kamar Michigan da Berkeley kuwa tallafinsu ga baƙi kaɗan ne ƙwarai. Don haka jerin makarantun da za a nema dole ya bi aljihu. Akwai masu ɓoye buƙatarsu don a ɗauke su, da nufin su nemi tallafi bayan sun shiga, alhali jami'o'i da yawa ba sa buɗe wannan ƙofa ga wanda bai nema tun farko ba. Zagayen Nuwamba da ake kira Early Decision kuma alƙawari ne mai ɗaurewa, wanda aka ɗauka zai janye sauran takardunsa, don haka bai dace da mai son kwatanta tayin tallafi ba. Bayan gurbi akwai biza, wadda dokokinta suka tsananta ga ƙasashen Afirka da dama tun 2025, har aka sanya Chadi da Sudan cikin jerin ƙasashen da aka hana 'ya'yansu shiga a watan Yunin shekarar. Shiri mai hankali yana da ƙofa ta biyu a wajen Amurka.

Ƙorafin da ke da tushe

Mai shakka zai ce duk wannan zancen gaskiya da ƙoƙari mafarki ne, domin tsarin na masu kuɗi ne. Yana da hujja. Binciken da Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka fitar a 2023 ya gano cewa 'ya'yan kashi 1 cikin 100 mafi arziki a Amurka sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali fiye da sau biyu wajen samun shiga manyan jami'o'i masu zaman kansu, ko da makinsu na SAT ko ACT ɗaya ne. Dalilan da suka gano su ne fifikon da ake ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da guraben 'yan wasanni, da kuma makin da ake bayarwa kan abubuwan da ba na aji ba, inda 'yan makarantu masu tsada ke yin zarra. Ke nan kwalliya tana aiki.

Sai dai kwalliyar da ke aiki a can tana da abin da ke riƙe da ita: uban da ya yi jami'ar, da makarantar da jami'ar ta sani shekara da shekaru, da jami'in ba da shawara da ya san abin da ake so a gani. Ejan da ke Wuse ba ya sayar da ko ɗaya daga ciki. Abin da yake sayarwa kwaikwayo ne, kuma idan aka ajiye kwaikwayo kusa da na asali a teburi ɗaya, kowa ya san wanda za a ɗauka. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 'yan Najeriya sama da 20,000 ne ke karatu a Amurka, adadi mafi yawa daga Afirka, don haka takardar ɗan Najeriya mai burin zama babban ɗan kasuwa ba sabon abu ba ce ga mai tantancewa. Abin da bai saba gani ba shi ne ɗalibin da zai iya bayyana, da alƙaluma, dalilin da ya sa buhun masara ke da farashi ɗaya a Dawanau da kaka, wani kuma a watan Yuli, da wanda ke cin ribar tsakani, da haɗarin da yake ɗauka.

Ko da an yi komai daidai, mafi yawan masu neman Wharton ba sa samu, domin guraben sun yi kaɗan ainun. Amma a nan ma hanyoyin biyu ba su zama ɗaya ba. Wanda ya sayi kwalliya, in aka ƙi shi, ya tashi da asarar kuɗi da ɗan da ya koyi cewa ana sayen suna. Wanda ya yi Further Maths, ya zauna ya fahimci littafin bashin gidansu, ya koyi rubuta tunaninsa a kalmomi 650, zai tafi da waɗannan duka zuwa Ashesi da ke Ghana, ko Jami'ar Bayero, ko Ahmadu Bello, ko kuma ya koma shagon da ya fito, yana ganinsa fiye da yadda yake gani a da. Iyalin da ke da ɗa ko 'ya a JSS3 a yau yana da abu biyu da zai iya yi kafin zango mai zuwa ba tare da kashe dala ɗaya ba: ya tabbatar an rubuta Further Maths cikin darussan SS1, ya kuma miƙa wa yaron littafin bashi ya riƙe.